Wannan Ƙiba Ba Ta Jin Daɗi Ba Ce

Akwai wata magana da take ƙona mini rai duk lokacin da ta faɗo kunnena. Za ka ji wani mai rufin asiri, ya ci ya ƙoshi ya miƙe ƙafa a majalisa, yana cewa wai ana ta kukan yunwa a ƙasar nan amma shi bai ga alama ba, tunda matan unguwarsu sai ƙiba suke yi. Wannan magana jahilci ce, kuma jahilci mai cutarwa, domin da irinta ake toshe bakin mai kuka. Matar da yake nunawa da baki ba daɗi ne ya yi mata yawa ba. Ya tashi ya yi sallama a gidanta, ya buɗe tukunyar da ke kan murhu, sannan ya ɗaga rigar ɗan autanta ya ƙirga haƙarƙarinsa. A gida ɗaya zai tarar da uwa ta kumbura, yaro ya tsumbure, uba ya bushe. Dukkansu daga tukunya ɗaya suke ci, kuma kuɗin cefane ɗaya ne ya mayar da su haka.

Mu fara da lissafi, don kada a ce surutu ne kawai. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Raba wannan kuɗi gida 30, za ka samu kimanin naira 2,333 a rana. A watan Yunin shekarar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce abinci mafi arha da zai ba baligi ɗaya cikakkiyar lafiya yana cin naira 1,241 a rana. Miji da mata kaɗai sun tashi a naira 2,482. Wato tun ranar da aka sa wa dokar hannu, albashin bai isa ya ciyar da mutum biyu yadda ya kamata ba. Ba a zo kan yara ba, ba a zo kan kuɗin haya, kuɗin makaranta, kuɗin mota, sabulu da magani ba. Wani zai ce ai a Arewa abinci ya fi sauƙi. Haka ne, ya ɗan fi sauƙi, amma gidajenmu sun fi yawan baki, kuma yawancin magidantanmu ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Ɗan dako, mai gyaran takalmi, mai tura ruwa, malamin makarantar kuɗi ta cikin lungu, wa ya ba su 70,000?

Ba daga sama abin ya faɗo ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi warwas. Buhun masara ba ya tashi sama daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau, mota ce ke kawo shi, motar kuma mai take sha. Alkamar da ake yin fulawa da taliya daga waje ake shigo da mafi yawanta, da dala. Zuwa Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce naira 70,000 tun farkon shekarar. Wake, wanda shi ne naman talaka, ya ninka kuɗinsa fiye da sau uku cikin shekara guda. A Fabrairun 2024 mata suka fito kan titi a Minna, masu gurasa suka fito a Kano saboda tsadar fulawa, gidan rediyon BBC kuma ya ba da labarin yadda mutane suka koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake zuba wa. Duk wannan a gaban idonmu aka yi shi.

To me ke faruwa a cikin gida idan kuɗin cefane ya tsaya cak, kaya kuma suna ta hawa? Wannan shi ne abin da masu manyan ofisoshi ba su sani ba, ba su kuma damu su sani ba. Da safe maigida zai ajiye kuɗin a kan murfin langa. Uwargida ta ɗauka ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Malam, kuɗin nan fa ba za su kai ba. Mai ya ƙare, gawayi ma saura na yau."

"Ki yi dabara mana, Maman Abba. Abin da Allah ya hore ke nan."

Ya sa takalmi ya fita, ya bar ta da dabarar. Ita kuwa dabarar tana da tsari, kuma kusan iri ɗaya ce a kowane gida. Nama ne ke fara fita, ya koma sai ranar Juma'a, daga baya sai ranar suna ko Sallah. Kifi ya bi shi, ko da busasshen nan ne da ake marmasawa a miya. Ƙwai ya zama abin kallo a teburin mai shayi. Madara ta fita daga kunu. Ɗanyen tumatir da tattasai suka koma kauɗa da ɗan garin barkono. Shinkafa da wake, da a da ake zuba gwangwani biyu na wake a gwangwani huɗu na shinkafa, yanzu sai ka tona da cokali kafin ka ga ƙwayar wake. Koko ya rabu da ƙosai. Ayaba, lemo da kankana kuwa sai in an je dubiya asibiti. Daga ƙarshe abincin rana ya ɓace gaba ɗaya, a haɗa shi da na dare a ci da la'asar sakaliya.

Abin da ba ya fita shi ne garin tuwo, shinkafa, taliya, garin kwaki, mai, gishiri, magi da sukari. Kuma ba sakarci ne ya sa ta zaɓi haka ba. Uwar da ke da yara shida da naira 3,000 a hannu ba sinadarin gina jiki take lissafawa ba. Abin da ke gabanta shi ne kada yaro ya farka tsakar dare yana kukan yunwa maƙwabta su ji. Kuɗin ƙwai uku zai sayi garin kwakin da zai cika cikin yara huɗu. Kowace uwa mai hankali garin za ta saya, ni ma da ni ne shi zan saya. Ta jiƙa shi da ruwa, ta zuba sukari ko ta kwaɗa da mai da yaji, ciki ya ɗauka, kowa ya kwanta. Ciki ya cika, amma jini bai samu abin da yake nema ba, ƙashi bai samu ba, ƙwaƙwalwa ba ta samu ba.

Akwai kuma wani abu da masu ba da shawara a rediyo ba sa sakawa a lissafi, shi ne makamashi. Wake yana cin wuta. Kafin ya nuna ya cinye gawayin da zai dafa taliya sau uku. Gas ya fi ƙarfin mutane da yawa, kananzir an manta da shi, itace da gawayi sun zama kayan aunawa a leda. Don haka abincin da ke nuna cikin minti goma shi ke cin kasuwa, ko da ba shi da wani amfani a jiki sai ƙosarwa. Sannan talaka ba ya iya sayen buhu ko galan. Ƙulli yake saya: ƙullin mai, ƙullin sukari, ƙullin gishiri, rabin kwanon shinkafa. In ka tara kuɗin ƙulle-ƙullen nan na wata guda, za ka ga ya biya fiye da abin da mai kuɗi ya biya a Kasuwar Singa kan kaya iri ɗaya. Ba shi da firij, in ma yana da shi babu wuta, don haka ba zai sayi tumatir kwando guda lokacin araha ya adana ba. Talauci da kansa yana da haraji, kuma kullum ake karɓarsa.

Yanzu mu zo kan rabon abinci, domin a nan ne zaluncin ya fi fitowa fili. Idan tuwo ya nuna, langar maigida ake fara zubawa, a rufe a ajiye. In akwai tsoka ɗaya a miyar, can take tafiya. Sai na samari, sai na yara a babban faranti, inda mai saurin hannu ke cinye rabon ƙaninsa. Ɗan shekara biyu da aka yaye jiya, wanda cikinsa ƙarami ne kuma yana bukatar ci sau huɗu ko biyar a rana, an zaunar da shi cikin 'yan shekara takwas da goma ya yi kokawar loma. Uwa ita ce ta ƙarshe. Ta kankare ƙanzo, ta jiƙa, ta haɗa da ragowar da yara suka bari, ta ci a tsaye a bakin murhu. In an tambaye ta sai ta ce ta ƙoshi. Wannan uwar wataƙila tana da ciki, ko tana shayarwa, wato ita ce ta fi kowa bukatar nama da ganye a gidan, ita ce kuma ta fi kowa rashinsu.

Ta yaya mai cin ƙanzo za ta yi ƙiba? Ga yadda abin yake. Farar shinkafa, fulawa, taliya da garin kwaki suna narkewa da sauri su zama sukari a cikin jini. Ba su da dusar da za ta riƙe ciki, ba su da isasshen abin gina tsoka. Bayan ɗan lokaci yunwa ta dawo, sai a nemi abin da ke kusa kuma mai arha: shayi mai sukari cokali huɗu, fanke, cincin, ɗan burodi, zoɓon da aka cika wa zaƙi. Wanda ya yini bai ci ba, idan dare ya yi ya samu tuwo, malmala uku zai tashi da su ya kwanta a kai. Matar da take yini a tsakar gida ɗaya, ga haihuwa a kai a kai, ga damuwar da ke hana barci, jikinta zai tara kitse a ciki da ƙugu alhali jininta ya yi ƙasa. Za ka gan ta cike da zane, amma in ta tashi tsaye jiri ke ɗibarta, in ta ɗebo ruwa bokiti biyu sai haki. Ja fatar idonta ƙasa ka gani, fari fat.

Alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna haka tun kafin wannan tsadar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 58 kuma suna fama da ƙarancin jini. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 37 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin kashi 57 ne, fiye da rabin 'ya'yanmu. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, adadin na ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40. Gaba muke cewa muna yi, yaranmu suna komawa baya.

Tsumburewa kuwa ba gajarta ce kawai ba, kuma ba gado ba ce kamar yadda kakanni ke cewa don su kwantar da hankalin uwa. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, a nan ake gina ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Renon yaro da tsurar koko da ruwan tuwo a wannan lokaci daidai yake da gina katanga da ƙasa ba ramno: za ta tashi, amma damina ɗaya ta ishe ta. Abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a mayar da shi. Yaron zai shiga aji ya kasa riƙe karatu, a ce masa daƙiƙi, a zane shi. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa wanda ya taso cikin yunwa, idan ya girma ya dogara da abinci mai sitaci da mai da sukari, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini. Yunwar yau ce za ta cika layin asibiti nan da shekara 30, da mutanen da ba su da kuɗin allurar insulin balle na wankin ƙoda. Ko yanzu je ka ga layin masu hawan jini a kowane babban asibitin jiha. Ba attajirai ba ne. Zawarawa ne, da 'yan fansho, da masu sayar da ƙosai.

Gishiri ma yana da nasa labarin. Miyar da ba nama, ba kifi, ba isasshen kayan miya, da me za ta yi daɗi? Da magi da gishiri da farin magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Miyar kukar gidan talaka kaɗai tana iya cinye wannan kason. Man da aka soya awara da shi yau, shi za a soya dankali da shi gobe, a juye ragowar a miya jibi, har sai ya yi baƙi. Babu wadda za ta zubar da mai a wannan zamani, kuma ba ni da bakin ce mata ta zubar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne halin matan da su kuma ramewa suka yi. A al'adarmu ramar mace abin magana ne. In ta je biki za a bi ta da kallo, a koma gefe ana cewa ko mijin ba ya riƙe ta da kyau, ko wani ciwo take ɓoyewa. Don ta rufa wa kanta da mijinta asiri, sai ta aiki yaro kemis ya sayo mata sha-ka-fashe. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan deksametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi don wasu cututtuka. Mai shan sa ba bisa ƙa'ida ba fuskarta za ta cika, jiki ya tara ruwa, jini ya hau, suga ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙashi ya lalace. Kuɗinsa bai kai na ƙwai biyu ba, shi ya sa ake saye. Mun kai matsayin da mace za ta sayi kumburi don a ce tana cin abinci. Sannan wani ya kalle ta ya kafa hujja da ita cewa babu yunwa a gari.

Ina kuma da magana da masu wa'azin lafiya da suka cika rediyo da Facebook. Kullum ku rage shinkafa, ku ci kayan marmari, ku ci kifi sau biyu a mako, ku sha madara. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Amma wa kuke faɗa wa? Wanda ya karya da ruwan bunu? Shawarar da ba ta san farashin kwanon wake ba cin fuska ce. In da gaske kuke, ku yi maganar abin da hannu zai iya kaiwa: a zuba garin ƙuli-ƙuli ko na waken suya a kunun yaro, a mayar da daddawa miya a rage dunƙule, a bar gero da dawa da dusarsu maimakon a surfe su tas, a shuka zogale a bayan ɗaki, a ware wa ɗan yaye kwanonsa shi kaɗai. Iyayenmu da kwaɗon rama, tafasa, yaɗiya, ɗinkin, dambu da fura da nono suka rayu, kuma abinci ne na gaske. Sai dai kada a yaudari kai, su ma yanzu kuɗi ne. Ƙullin zogalen da ake ba yaro kyauta a ƙauye, sayar da shi ake yi a birni. Nono ya yi tsada ya kuma yi ruwa, domin shanun da ke ba da shi an sace su ko an gudu da su. Dabarar uwa tana da iyaka, kuma an daɗe da kai ta bango.

Ba zan ƙyale mazanmu ba, don wani kason laifin a wuyanmu yake. Na san akwai magidantan da suke yini da ruwan leda da rogo don su kawo abin da suka samu gida, waɗannan Allah ya saka musu. Amma akwai wanda zai bar wa iyalinsa naira 2,000 su goma, da daddare kuma ka same shi a teburin mai shayi an soya masa ƙwai uku da taliyar yara biyu, an haɗa masa shayi mai kauri, ko ka gan shi gaban mai tsire yana cewa a ƙara na 1,500. Ya goge baki ya shiga gida, ya ɗan taɓa tuwon ya ture, ya ce miyar ba ta yi daɗi ba. Shi yana ajiye teɓa, 'ya'yansa suna zubar da gashi. Wannan ba talauci ba ne, rashin tsoron Allah ne. Ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa, kuma halin da ya isa sayen tsire a waje ya isa sayen wake a gida. Haka wanda bai iya ciyar da mace ɗaya da 'ya'ya bakwai ba amma yana neman ta biyu. Malamanmu su riƙa faɗin wannan a kan mumbari da irin zafin da suke faɗin wasu abubuwan.

Amma babban kason na masu mulki ne, kuma ba zan sassauta ba. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci. Bayan wata uku aka ji ana saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, kowace an ce ta kai naira miliyan 160. A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a saboda zargin almundahana, ciki har da ciyar da 'yan firamare. Manya ne ake zargi da sata, yara ne aka hana abinci. Ga yaro da yawa, wannan kwanon na makaranta shi ne kaɗai inda yake haɗuwa da ƙwai ko wake. Kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai, kowa ya san haka. Ina suka shiga? Gadar sama a babban birni, da rabon shinkafa gaban kyamara. Rabon ma na wulaƙanci, wanda ake mutuwa a cikinsa. An mutu a Legas a Fabrairun 2024 wajen sayen shinkafar kwastam mai rahusa. Ɗalibai sun mutu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi a watan Maris wajen rabon tallafi. A Disambar shekarar an tattake mutane har lahira a Ibadan, Okija da Abuja, yara 35 a Ibadan kaɗai. Mai ƙoshi ba ya shiga turmutsutsu saboda kwanon shinkafa.

Ga kuma gonakin da aka bar wa 'yan bindiga. A sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja, manomi sai ya biya haraji ga ɓarayin daji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani kuma ya bar gonar ya koma birni yana bara. Waɗannan su ne wuraren da ke noma wake, gero, dawa da gyaɗar da muke magana. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025, yara 652 ne suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. A cibiyoyin ƙungiya ɗaya, a jiha ɗaya, waɗanda aka samu kai su. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san yadda ake yi: ma'aikaciya ta zagaya ɗan ma'aunin nan mai launi a damtsen yaro, ya tsaya a kan ja, ta danna yatsa a bayan ƙafarsa wurin ya lotsa bai dawo ba. Uwar na zaune a gefen gado, sau da yawa ita ma tana bukatar gadon. Ƙungiyoyin waje ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi, kuma tun 2025 tallafin ƙasashen waje, musamman na Amurka, ya ja baya. Wa zai cike gurbin? Gwamnonin da ba sa sakin ko ɗan abin da suka rubuta a kasafi don abinci mai gina jiki?

Za a ce mini ai farashi ya sauko. A Janairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin lissafinta, hauhawar farashi ta tashi daga kashi 34.80 ta koma 24.48 a wata guda. Wannan sauyin alƙalami ne, bai ƙara ko gwangwani ɗaya a tukunyar kowa ba. Gaskiya ne masara da shinkafa sun yi sauƙi a 2025 bayan an buɗe ƙofar shigo da hatsi daga waje, kuma duk sauƙin da talaka ya samu ina murna da shi. Amma a duba abin da ya sauko: sitaci ne. Nama, kifi, ƙwai da madara suna can inda suka maƙale. Saukar hatsi kaɗai tana nufin tuwo ya ƙara girma, miya tana nan tsararo. Manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da asara kuma ba lallai ya koma gona baɗi ba, sai mu sake komawa gidan jiya. Bashin mai kanti da aka tara a shekara biyun tsanani yana nan a littafi. Akuyar da aka sayar ba ta dawo ba. Yaron da ya cika shekara biyu a cikin 2024 ya riga ya wuce lokacin gininsa, babu saukar farashin da za ta mayar masa da abin da ya rasa.

Abin da nake nema ba gagarumi ba ne ga mai niyya. A dawo da ciyarwa a makarantun firamare da wake da ƙwai na gaske, a sayo su daga manoman yankin, a kafa sunan mai dafawa da abin da aka ba ta a ƙofar makaranta kowa ya gani. Kowace jiha ta sayi abincin masu tamowa da kuɗinta, ta kuma ɗaure duk ma'aikacin da aka kama yana karkatar da shi kasuwa. Mai ciki da ta je awo ta dawo da maganin ƙarin jini a hannu, ba takardar zuwa kemis ba. Harajin naira 10 da ake karɓa kan kowace litar lemon kwalba tun 2022 a faɗa mana inda yake shiga, a kuma juya shi ga gwajin suga da hawan jini kyauta a asibitocin unguwa. A taimaki masu kiwon kaji da masu noman wake da waken suya kamar yadda ake rawar jiki kan shinkafa. Sama da komai a ƙwato gonaki daga hannun 'yan bindiga.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma mun san da abin da za su zo. Za su shigo lungu da katan-katan na taliya da ƙullin magi da atamfa, su tara matan nan da suka kumbura da yunwa a layi cikin rana, su miƙa wa kowace leda biyu. Abincin da ya lalata musu jiki, shi za a ba su a karɓi ƙuri'arsu. Ba zan zargi wadda ta karɓa ba, yaranta na jiran ta a gida. Amma duk ɗan takarar da ya tsaya a ƙofar gidana zan tambaye shi nawa jiharsa ta saki a bara don yara masu tamowa, firamare nawa ake dafa abinci a mazaɓarsa, da kuɗin kwanon wake a kasuwar garinsu a wannan makon. In ya kasa amsawa, ya ɗauki taliyarsa ya ƙara gaba.